Ramuwa da Shari'a a Wasan Hamlet: Nazari Domin Masu Karatu na Dakoro

1. Gabatarwa

Daga cikin matsalolin masu tsara aikin yaƙi da jahilci a jahar Maraɗi akwai ƙarancin littattafan da ɗalibi zai ci gaba da karantawa bayan ya iya haɗa baƙi da wasali. Fassara hanya ce ta rage wannan ƙaranci, kuma Ibrahim Yaro Yahaya ya share ta tun 1971 da Daren Sha Biyu, wanda ya ɗauko daga wasannin Shekisfiya. Manufar wannan maƙala ita ce duba jigo da taurarin wani wasan na marubucin, watau Hamlet, wanda aka rubuta wajen 1600, aka fara buga shi a 1603. Za mu dube shi da idon mai karatu na Dakoro.

2. Jigo

Fatalwar sarkin Danmak ta bayyana ga ɗansa Hamlet, ta ce ƙanensa Kuladiyas ne ya zuba masa guba a kunne, ya hau gadonsa, ya auri matarsa Gaturud. Ta nemi ɗan ya rama.

An saba cewa jigon wasan ramuwa ce. A ganinmu, babban jigon shi ne rashin wurin kai ƙara, domin wanda ake zargi shi ne sarki, kuma daga gare shi ba sauran alƙali. A tsohon labarin da Sakso ya rubuta da Latinanci wajen 1200, kowa ya san wanda ya yi kisan. Shekisfiya ya mai da shi kisan ɓoye, wanda ba shi da mashaidi sai fatalwa. Saboda haka jinkirin Hamlet, wanda wasu manazarta suke kira ragwanci, neman hujja ne. Shi ya sa ya sa ƴan wasa su kwaikwayi kisan a gaban sarki, don ya ga yadda fuskarsa za ta yi.

3. Taurari

Wasan ya jera samari uku waɗanda aka kashe wa uba. Hamlet ya yi bincike, amma da ya samu hujja sai fushi ya rinjaye shi, ya soki mutum ta bayan labule yana zaton sarki ne, ashe waziri Poloniyas ne. Layatis, ɗan wazirin, ya dawo daga Faransa a fusace, sarki ya mai da shi makami, kuma takobin da ya shafa wa guba shi ne ya zama ajalinsa. Fotinbiras na ƙasar Nowe kuwa baffansa ya tsawata masa, ya janye. Shi kaɗai ya rayu cikin ukun, kuma hannunsa sarautar Danmak ta faɗa.

Ofiliya, ƙanwar Layatis, ba ta ci ba, ba ta sha ba, amma ta haukace ta mutu a ruwa. Cikin mutum 8 da suka halaka a wasan, Kuladiyas kaɗai ne jinin tsohon sarki yake wuyansa.

4. Wuraren tuntuɓe ga mai fassara

Na farko shi ne auren Gaturud. Dokar Ingila ta hana mutum auren matar ɗan'uwansa mamaci har zuwa 1921, shi ya sa Hamlet yake ganin auren ƙazanta ne. Bahaushe ba ya ganin aibu a nan, kamar yadda dattawan Tibi ba su gani ba sa'ad da Laura Bohannan ta ba su labarin, bisa ga abin da ta rubuta a 1966. Abin da zai girgiza mai karatu na Dakoro shi ne gaggawa, domin an ɗaura auren kafin mamacin ya cika wata 2, alhali takaba wata 4 ce da kwana 10. A kan wannan ya kamata mai fassara ya aza nauyin baƙin cikin Hamlet.

Na biyu shi ne kalmomi. Ƙisasi hukunci ne da alƙali yake yankewa bayan shaida, kuma dangin mamaci suna da zaɓin karɓar diyya ko yin afuwa. Abin da fatalwa ta nema ramuwa ce, wadda mutum yake yi da hannunsa. In aka musanya kalmomin nan, an halatta abin da wasan yake nuna illarsa.

5. Kammalawa

Dakoro tana wurin da ƙasar noma ta haɗu da ta kiwo, kusa da iyakar noma ta arewa wadda dokar 1961 ta shata, kuma ɓarnar gona da toshe burtali ba baƙin abubuwa ba ne ga mutanenta. Jahar Maraɗi ba ta manta da Toda ba, inda a watan Oktoba na 1991 rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, akasarinsu mata da yara. Dokar karkara ta 1993 ta kawo kwamitocin kula da filaye, ga kuma sulhun sarakunan gargajiya, watau akwai wurin kai ƙarar da Hamlet ya rasa.

Shawararmu ita ce a taƙaita wasan cikin sauƙaƙƙiyar Hausa, a gwada shi a ƴan azuzuwan manya na Dakoro kafin bugawa, a kuma rufe shi da tambayoyin mahawara. Tambaya ta fari ita ce: da kai ne Hamlet, wurin wa za ka kai ƙara?