Sauyin yanayi da gudun hijira a jihar Diffa: sharhi kan littafin Magrin da Pérouse de Montclos

Littafin da za mu duba a nan ya fito a shekarar 2018 ƙarƙashin hukumar raya ƙasashe ta Faransa (AFD), Géraud Magrin da Marc-Antoine Pérouse de Montclos suka jagorance shi. Ya nazarci yankin tafkin Cadi a zamanin Boko Haram, kuma ya ƙalubalanci ra'ayin nan da ya yaɗu, wai ƙafewar tafkin ce ta haifi ta'addanci da gudun hijira.

A wannan gaɓa mun yarda da marubutan. Gaskiya ne tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a 1963, kuma farin 1973 da na 1984 sun ƙafar da ɓangarensa na arewa, har N'Guigmi ta yi nisa da ruwa. Amma janyewar ruwan ta bar ƙasa mai ni'ima wadda ta jawo manoma da makiyaya. Babbar ƙaurar da Diffa ta gani ta biyo bayan hare-haren Bosso da Diffa na 6 ga Fabarairu 2015, da kwashe mazauna tsibirai a watan Mayu na wannan shekara, da hanin kamun kifi da cinikin tattasai. Bindiga da dokar ta-ɓaci ne suka jera bukkoki a gefen hanyar ƙasa mai lamba 1.

Sai dai akwai hatsari ga mai karatu: ya ɗauka cewa tunda an wanke tafkin, yanayi ma ya fita daga zargi. Ambaliyar Komadugu ta 2019 da ta 2022, waɗanda suka zo bayan fitowar littafin, sun cinye gonaki sun kuma sake tada mutanen da yaƙi ya riga ya tada. Haka nan ruwan kogin ya danganta da madatsun Tiga (1974) da Challawa (1992) a jihar Kano.

Saboda haka, maimakon neman sanadi guda, ya kamata ɗalibanmu su bi sawun iyali ɗaya ɗaya: sau nawa suka tashi, me ya tada su kowane karo, wa ya ba su gona. Sunan da aka laƙaba wa mai ƙaura shi ke yanke irin taimako da haƙƙin da zai samu.