Mai Jan Gaba: Gwanin da Agogonsa Ke Cikin Ƙafa

A manyan gasannin tseren ƙafa na Turai, irin na Monako da Roma da Zurik, za ka ga ɗan tsere ya fizga tun daga tashi, ya ja sauran zagaye biyu ko uku, sannan ya ratse gefe yana haki. Wanda bai san kan abin ba sai ya ce gajiya ce ta kayar da shi. Ko kusa. Aikin da aka ɗauke shi ya yi ne ya kammala. Shi ne mai jan gaba, wanda 'yan tsere ke yi wa laƙabi da zomo.

Tun kafin a fito fili, mai shirya gasa da wakilin gwarzo sun riga sun yanka masa lokaci: zagayen farko a sakan kaza, mita 800 a kaza. Ɗauki tarihin da Hicham El Guerrouj na Maroko ya kafa a Roma a 1998, mita 1,500 cikin minti 3 da sakan 26. Kowane zagaye na mita 400 ke nan kusan sakan 55. In mai jan gaba ya yi 53, ya ƙona ƙafar gwarzo tun ba a je ko'ina ba. In ya yi 57, tarihi ya kuɓuce. Tsakanin nan yake aunawa da jikinsa, alhali 'yan kallo na ihu, jini na tafasa.

Ba auna lokaci kaɗai ba ne. Dole ya manne wa layin ciki don kada a ƙara tafiya ko taku ɗaya. Ƙirjinsa ke tsaga iska, na baya ya fake da shi ya adana ƙarfi. Ba ya waiwaye, da kunne yake gani: in takun gwarzo ya fara nisa, sai ya sassauta a hankali, domin in tazara ta buɗe amfaninsa ya ƙare. Fitarsa ma ilimi ce. Sai ya zame waje ba tare da ya rage gudu a gaban mutane ba, ya bar hanya fayau.

Ba raggo ake ba wannan aiki ba. Noah Ngeny na Kenya, wanda ya ja wa El Guerrouj gaba a daren nan na Roma, shi ne ya kayar da shi a gasar Olamfik ta Sidni a 2000. Sammy Tangui kuwa, da ya riƙa kai David Rudisha zagayen farko ƙasa da sakan 49, ya taimaka masa ya karya tarihin mita 800 sau biyu cikin Agustan 2010, a Balin da Rieti.

Wa ke biya? Masu ɗaukar nauyi. A Olamfik ba a hayar mai jan gaba, amma a gasannin gayyata mai shiryawa ne ke zaɓen masu shiga, kuma kamfanin da ya zuba kuɗi tarihi yake son gani a gefen sunansa. A Oktoban 2020 an shirya dare guda a Balensiya da sunan kamfanin inshora na NN, inda Joshua Cheptegei na Yuganda ya yi mita 10,000 cikin minti 26 da sakan 11, yana bin mutane da kuma fitilun da ke zagaya bakin fili.

Sai dai akwai iyaka. Dokar hukumar wasannin guje-guje ta duniya ita ce mai jan gaba ya tashi tare da kowa, ba a sako sabon jini a tsakiyar tsere, kuma namiji ba ya ja wa mace a tarihin fili. Da Nike ta shirya wa Faith Kipyegon yunƙurin mil ɗaya ƙasa da minti 4 a Paris a Yunin 2025, masu ja mata galibinsu maza ne. Ta yi minti 4 da sakan 6.42, ta zarce nata tarihin, amma bai shiga kundi ba.

Ina goyon bayan wannan doka da zuciya ɗaya, domin ita ke sa mai jan gaba ya zama abokin tsere, ba kayan aikin kamfani ba. Fitila ba ta tare iska, ba ta jin numfashin na baya. Abin da ya rage shi ne adalci: duk inda aka rubuta sunan wanda ya kafa tarihi, a rubuta na wanda ya ja shi.