Masu Awon Numfashi

Duk wanda ya taɓa bin hanyar kudancin Jidda ya shiga Madinar Masana'antu, wadda mazauna garin suke kira Sana'iyya, ya ga aikin da iska take yi idan an matse ta. Tun 1971 aka kafa wurin, kuma da wuya ka leƙa wata ma'aikata ba ka ji kwamfaresa tana gurnani a wani lungu ba. Da iska ake kwance noti, da ita ake fesa fenti, da ita ake hura robar da za ta zama gorar ruwa. Mai faci a bakin titi ma da ita yake cin abinci: ya kafa tiyo a tayar mota, ya jira allurar geji ta kai 32, ya cire.

Wannan 32 ɗin nake so mai karatu ya riƙe. Likitoci suna auna matsin iska da tsayin ruwan da zai iya ɗagawa a cikin bututu, kuma a wannan ma'auni iskar taya ta haura sentimita 2,200. Huhun majinyaci kuwa, da matsin da ke cikinsa ya wuce sentimita 30 an fara jin tsoro. Oksijin ɗin da ke fitowa daga bangon asibiti ya ma fi iskar taya ƙarfi. Na'urar taimaka wa numfashi, wadda ake kira bentileta, ita take karɓar wannan iska mai ƙarfin fasa ƙirji, ta gauraya ta, ta ɗumama ta, ta jiƙa ta, sannan ta miƙa wa huhu daidai abin da zai iya ɗauka, sau goma sha biyar ko ashirin a minti, dare da rana, wani lokaci har makonni. Amma na'urar ba ta san abin da huhun zai iya ɗauka ba sai an gaya mata. Masu gaya mata ɗin su ne suka burge ni.

Jidda ta san darajarsu. A watan Yunin 2012 wani dattijo ɗan shekara 60 daga Bisha ya rasu a asibitin Dakta Sulaiman Faƙih bayan huhunsa da ƙodarsa sun gaza, kuma daga majinarsa ne wani likita ɗan Masar, Ali Muhammad Zaki, ya gano ƙwayar cutar da aka sa wa suna MERS. Daga farkon 2014 zuwa tsakiyar watan Mayu mutum 255 aka tabbatar sun kamu da ita a garin, 93 suka riga mu gidan gaskiya. Ba a da maganin da ke kashe ƙwayar. Abin da ake da shi ga wanda numfashi ya gagara shi ne a riƙe masa numfashin har jiki ya yi nasa yaƙin. Kafin korona ta zo a 2020, ma'aikatan sashen kulawa ta musamman na Jidda sun riga sun sha wannan karatu.

Mai lafiya zuƙo iska yake yi. Tantanin da ke ƙasan ƙirji ya sauka, ƙirji ya buɗe, iska ta shigo da kanta, wajen rabin lita a kowane numfashi. Na'ura kuwa turawa take yi, kamar zugazugin maƙeri. A birnin Kofanhegan na Danmak aka nuna wa duniya amfanin wannan turawa, lokacin annobar shan inna ta 1952. Ranar 27 ga Agusta, a asibitin Blegdam, likitan sa barci Bjørn Ibsen ya sa aka huda maƙogwaron wata yarinya 'yar shekara 12, aka zura bututu, ya riƙa matsa jakar roba da hannu, ta rayu. Daga nan aka tara ɗalibai kimanin 1,500 suna karɓa-karɓa suna matsa jakunkuna, mace-macen waɗanda numfashinsu ya shanye ya sauko daga kusan 90 cikin 100 zuwa wajen 40. Mai matsa jaka yana jin taurin huhu a tafin hannunsa. Abin da tafin yake ji shi ne yau ya koma lambobi da layuka a allon na'ura, kuma karanta su sana'a ce mai zaman kanta. A Saudiyya akwai ma'aikacin da wannan ne kaɗai aikinsa, kuma a jami'a yake karanto shi.

Zaɓi na farko da ke gabansa: ko ya ƙayyade yawan iskar da za ta shiga ya sa ido a kan matsi, ko ya ƙayyade matsi ya sa ido a kan yawan iskar. Ba ya samun biyun a lokaci guda, domin huhu ne yake yanke ɗayan. Idan ya ce matsi kada ya wuce 20, na'ura za ta buɗe bawul ta cika da sauri, ta riƙa auna matsin tana rage iska yayin da huhu yake cika, ta tsaya a kan 20 ɗin cak. To idan huhun ya ƙara tauri cikin dare, 20 ɗin tana nan amma iskar da ke shiga ta ragu. Wanda bai duba ba sai ya ɗauka lafiya lau.

Sai abin da na fi so a duk wannan ilimi. Ka ɗauki leda mai jiƙa wadda ta manne, ka gwada buɗe ta da hurawa. Ko ka tuna yadda hura balan-balan ya fi wuya a farkon farawa. Haka ƙananan jakunkunan huhu suke, ɗaruruwan miliyoyi, idan ciwo ya cika su da ruwa. In aka bari suka zazzage sarai a ƙarshen kowane numfashi, sai su manne, numfashi na gaba ya yage su da ƙarfi, a yi ta haka sau dubu ashirin da wani abu a yini. Shi ya sa na'ura ba ta barin iska ta fita duka. Tana tare ƙofar fita ta bar ɗan ragowar matsi, galibi sentimita 5, wani lokaci 10 ko fiye. PEEP ake ce masa, kuma likitocin Denba a Amurka, Ashbaugh da Petty, su suka nuna amfaninsa a 1967 a bayaninsu kan majinyata 12. In ya yi kaɗan huhu ya rufe. In ya yi yawa ya danne jijiyoyin da ke mayar da jini zuciya, awon jini ya faɗi. Tsakanin nan gwani yake lalube, hannunsa a kan na'ura, idonsa a kan awon jini.

An daɗe ana ganin cika huhu taf shi ne gata. Gwajin da aka buga a Amurka a 2000, a kan majinyata 861, ya rushe wannan: waɗanda aka ba mililita 12 a kowane kilo kusan 40 cikin 100 suka mutu, waɗanda aka ba 6 kuwa 31. Ba sabon magani, ba sabuwar na'ura, rage iska kawai. Kuma kilon ba na sikeli ba ne, daga tsayin mutum ake lissafo shi, domin ƙiba ba ta ƙara girman huhu. Saboda haka in ka ga ma'aikaci ya zaro tef irin na tela yana auna majinyaci daga ka zuwa diddige, ka san ya san aikinsa. Namiji mai tsayin sentimita 170 rabonsa wajen mililita 400 ne, ko da cikinsa ya kai tulu.

Ƙararrawa ta yi kuka da tsakar dare, matsi ya hau. Baƙo zai firgita. Gwani kuwa sai ya danna maɓallin da ke tsayar da numfashi a cike na ɗan daƙiƙa, ya kalli layin. Layin zai faɗo daga ƙololuwa ya kwanta a wani mataki. In ƙololuwar ce kaɗai ta hau, matakin yana inda yake, to hanya ce ta toshe: majina, ko bututu ya lanƙwashe, ko majinyaci ya cije shi, ko asma ta shaƙe hanyoyin iska. In duka biyun suka hau, huhun ne kansa ya ƙi buɗewa: ruwa ya ƙaru, ko bututu ya zarce cikin huhun dama, ko huhu ya fashe iska ta taru a ƙirji, wanda ba ya jiran safiya. Daƙiƙa ɗaya, maɓalli ɗaya, ya raba abin da za a zuƙe da tiyo da abin da za a tada likita a kansa.

Idan sauƙi ya fara samuwa sai a bar majinyaci ya ja ragama. Da ya ɗan zuƙa, na'ura ta ji, ta tallafa masa da matsi kaɗan, ta sake shi. Kullum a rage tallafin, har ranar da za a gwada shi na rabin awa zuwa awa biyu kusan shi kaɗai. In ya ci, a zare bututu.

Na'urar kanta ta daina zama abin asiri. A Maris 2020 kamfanin Medtronic ya saki zanen samfurinsa PB560 ga duk mai son ƙerawa, kuma a 2021 Saudiyya ta ƙaddamar da irinsa ƙirar gida. Ƙarfe da roba ana samu. Ga attajiranmu da ke sayen bentileta su kai asibitocin Kano, Katsina, Sakkwato ko Maraɗi, Allah ya saka da alheri, amma ina roƙon ku: a cikin kuɗin kowace na'ura ku ware na oksijin, da na wutar da ba ta ɗaukewa, da na horar da ma'aikatan da za su kwana a gabanta.