Ginin tukwane: a fara da hannu, inji ya biyo baya

Wani sabon yayi ya shigo manyan biranenmu, musamman Abuja da Legas. Matasa 'yan boko na biyan kuɗi a ƙarshen mako su zauna gaban injin juya yumɓu, su caɓa hannu cikin laka na ɗan lokaci, a ɗauke su bidiyo a ɗora a Instagram ko TikTok. Ni ban ga laifin wannan ba. Sana'ar da aka daɗe ana yi wa kallon ta ƙauyawa, yau ga 'ya'yan manya suna bin layi a kanta. Madalla. Inda nake da ja shi ne yadda ake sa mai sha'awar farawa ya ɗauka cewa ginin tukwane inji ne, in ba shi da kuɗinsa sai ya haƙura.

A zaro naira ashirin a duba bayanta. Matar nan da ke gina tulu, Ladi Kwali, da hannu zalla ta koyi aikin tun tana yarinya a garinsu Kwali. Tukwanenta sun riga sun shiga gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau kafin Baturen Ingila Michael Cardew ya gan su a can. Sai a 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, kuma ita ce mace ta farko da aka ɗauka. Ta koyi inji, ta koyi shafen ƙyalli, amma manyan tulunan da suka kai sunanta Landan, masu zanen ƙadangare da kifi da kunama, da hannu ta ci gaba da gina su. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa.

Abin da inji ke ɓoye wa sabon shiga shi ne halin yumɓun kansa. A ɗakin koyarwa na zamani, an riga an jiƙa shi, an tsince tsakuwa, an cuɗa, kai dai miƙo maka ake yi. Wanda ya fara da hannu kuwa dole ya san cewa yumɓu mai danƙo da yawa tsagewa yake yi, shi ya sa magina ke daka tsingaro su zuba garinsa a ciki, ko su sa yashi mai laushi. Zai ga yadda tukunya ke tsukewa in ta bushe, yadda iskar hunturu ke busar da bakinta tun gindi na ɗanye har ta dare. A inuwa ake shanya ta, a hankali, kwana da kwanaki. Mai gaggawa kuma wuta ce za ta tona masa asiri, domin ɗan danshin da ya rage a ciki tururi yake zama, ya fasa tukunyar, wani lokacin har da na kusa da ita.

Saboda haka shawarata ga mai farawa: kada ya ɗauko randa. Ya fara da asusu, ko kaskon turare, ko ƙaramar tanda. Ya kifa tsohuwar tukunya, ya barbaɗa mata toka don kada yumɓun ya manne, ya shimfiɗa shi a bayanta yana bubbugawa har ya sami gindi, sannan ya riƙa murza yumɓu kamar igiya yana ɗorawa. Kayan aikinsa duka ba su wuce sakaina, totuwar masara, tsumma da dutse mai santsi ba.

Gashi ne babbar matsala, kuma masu bidiyo ba sa nuna shi. Shafen ƙyalli irin na makarantar Cardew na bukatar zafin da ya haura digiri 1,200, abin da ba a samu sai da tanderu na musamman. Gashin gargajiya da kara da ciyawa da itace bai kai nan ba, amma ba nakasa ba ce. Shi ne ke barin ƙananan ƙofofi a jikin randa, ruwa ya tsattsafo, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi. Ina kuma jan kunne: kada a shafa wa abin da za a ci abinci a ciki wani sinadarin ƙyalli da ba a san asalinsa ba, domin wasunsu na ɗauke da dalma.

Malamai kuwa ba a nesa suke ba. Akwai magina a Ushafa da Giri kusa da Abuja, akwai su a Mirriya kusa da Damagaram da Bubon kusa da Yamai, kuma da wuya a rasa mai sayar da tukwane a kasuwar ƙauye da zai nuna maka gidan mai ginawa. Ka je da ladabi, ka ce, "Inna, koyo na zo." Ka roƙi a sa maka kaskonka cikin nata ranar gashi. Kuɗin da za ka ba ɗakin koyarwa a birni ba tare da ka yi ciniki ba, ita ma ka ba ta shi ba ciniki.