Jinjina ga Masu Kula da Itatuwan Gidan Zu na Kano

Duk wanda ya taso daga Farfaru ko Jibiya a watan Afrilu, ya sha rana da ƙura har Kano, shi zai san darajar inuwar Gidan Zu. Marigayi Audu Baƙo, gwamnan Kano daga 1967 zuwa 1975, shi ya kafa wurin, kuma sunansa aka sa wa wurin. Yara dai zaki da jimina suke zuwa gani. Ni kuwa ma'aikatan lambun nake jinjina wa.

Tun da sanyin safiya za ka iske dattijo ya duƙa gindin dashe, yana gyara masa kwari da fartanya don ruwa ya tsaya, ya kewaye shi da ƙaya. Wani yana share ganyen darbejiya, wani yana sare reshen da gara ta ci tun kafin ya faɗo kan mutane. Bayan Sallah, in jama'a sun watse, su ne ke bin ledoji ɗaya bayan ɗaya.

Gine-gine sun cinye filayen Kano da yawa, amma wannan kurmi yana nan a tsakiyar gari saboda irin waɗannan hannuwa. Sannunku da aiki, baba.