Millennium Park: Filin da Yaran Abuja Ke Miƙe Ƙafa

Masu cewa Abuja ba garin yara ba ne suna da hujjarsu. Tituna ne faɗa-faɗa waɗanda babba ma sai ya yi bisimilla kafin ya tsallaka, kowane gida da doguwar katanga da waya a bisa, tsadar haya ta matse mutane cikin ɗaki da falo a Kubwa da Nyanya da Lugbe, ɗan tsakar gidan da ya rage kuma an malale shi da siminti. Yaro ya tashi daga kan tayil, a saka shi a mota, a sauke shi kan tayil ɗin makaranta. Duk na yarda. Amma ina da amsa guda da nake ba su, kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba: Millennium Park, a Maitama. Wallahi ina son wurin nan. Har abokai sun fara tsokanata wai ko kwangilar tallarsa aka ba ni. Ko sisi ba wanda ya ba ni, daɗin wurin ne ya hana bakina yin shiru.

Ranar 4 ga Disamba, 2003 Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta buɗe shi, lokacin mulkin Cif Olusegun Obasanjo, a makon da Abuja ta karɓi baƙuncin taron shugabannin ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila. Wani gwanin zanen gine-gine ɗan Italiya, Manfredi Nicoletti, shi ya tsara shi. Faɗinsa hekta 32, wato ya haura filin ƙwallo 40 idan aka jera su, kuma ba a bayan gari aka jefa shi ba. Yana nan a tsakiyar unguwar da taku ɗaya na ƙasa ya fi ƙarfin albashin shekara, kusa da otal ɗin Transcorp Hilton da Unity Fountain. Duk lokacin da na tuna cewa an bar wannan uban fili ba a yanka shi fuloti-fuloti ba, sai in ji ina sa wa wanda ya kawo shawarar albarka.

Kuma shiga kyauta ne. Mai 'ya'ya biyar ya san nauyin wannan magana. A wuraren wasan yara na cikin manyan kantuna, kafin ka zauna an karɓi kuɗin kai, kowace na'ura da kuɗinta, mintuna kaɗan ta tsaya, yaro ya sa kuka a ƙara, kai kuma kana lissafin kuɗin mota a zuci. A nan ba mai tambayarka nawa ka zo da su. Ɗan direba da ɗan darakta ƙwallo ɗaya suke bi a guje, in sun faɗi ciyawa ɗaya ce ke ɓata musu wando.

Da ka shiga ta babbar ƙofa, abin da zai fara tarbarka wata miƙaƙƙiyar hanya ce fara fat, an shimfiɗe ta da farin dutse irin na gine-ginen birnin Rum, ga maɓuɓɓugan ruwa a jere. Ranar da suke feshi, sai ka riƙe hannun ƙaramin da kyau, don ransa gaba ɗaya yana cikin ruwan. Mai zanen bai ja hanyar nan a banza ba. Ya saita ta ne yadda ido zai tashi daga wani ƙaton rimi a gefe guda ya dire a kan Dutsen Aso, dutsen nan mai tsayin kusan mita 400 da ke tsaye a bayan Fadar Shugaban Ƙasa da Majalisa. Hanyar sumul take, keken jarirai na tafiya a kanta ba gargada, mai tatata kuma na iya sakin hannun uwarsa ya yi takunsa ba tsoron mashin ko mota. Wanda bai taɓa rainon ɗan wata goma sha huɗu a Abuja ba, ba zai gane girman wannan ni'ima ba. Akwai kuma wata bishiya 'yar asalin Madagaska da shugabannin ƙasashen suka daddasa ranar buɗewa, ganyenta a baje kamar maficin kaba. Yara na ganinta suke tsayawa. Nawa sun raɗa mata suna bishiyar Hajiya, saboda kakarsu ba ta rabuwa da mafici.

Sai ciyawar. Kai, ciyawar nan! Ranar da muka fara cire wa autarmu takalmi muka tsayar da ita a kai, ɗage ƙafa ɗaya ta yi, ta tsuke 'yan yatsunta, ta kalli uwarta kamar an yi mata laifi. Ta sauke, ta ɗage ɗayar. Can ta tsuguna ta tsinki ganye guda, ta jujjuya shi, ta nufi baki da shi, uwar ta ce, “Kul! Tofar!” Kafin a jima ta gane abin na daɗi ne, sai gudu, ta faɗi ta tashi, ta faɗi ta tashi, ba kuka ko sau ɗaya, don ba abin da ya ƙuje mata gwiwa. A gida da tuni an nemo man zafi.

Amma ni inda zuciyata take shi ne tsallaken rafi. Rafi ne ya raba filin biyu. Wannan ɓangaren na ƙofa shi ne mai ado, komai a layi, furanni an yi musu aski. Ka hau gada ka tsallaka, sai yanayin ya sauya: ƙasa ta fara tashi hawa-hawa, itatuwa sun yi yawa, inuwa ta yi duhu, hayaniya ta ragu. A tsarin da aka zana, an so wannan gefen ya nuna ire-iren tsirran Nijeriya, daga na kurmi zuwa na dajin arewa da na kan duwatsu. A wurinmu manya ɗan tudu ne kawai. A wurin ɗan shekara huɗu kuwa, daji ne sosai, kuma hawa dutse yake yi. Ɗana yakan nemi sanda tun daga bakin gada, ya wuce gaba, ya ce shi ne jagora, kowa ya biyo bayansa. Mu kuwa sai mu bi.

A nan ne na koyi tafiya da saurin yaro, wadda ita ce duk sirrin fita da ƙanana. Tazarar da zan cinye kafin in gama amsa waya, su sai su shafe rabin sa'a a kanta, domin komai abin tsayawa ne. Wata rana jerin gwano ne ya tsare mu. Sun ratsa hanya a layi, baƙaƙe wuluk, wasu ɗauke da gara a baki. Yaron ya durƙusa, hannu a gwiwa, hanci ya kusa taɓa ƙasa.

“Baba, ina za su?”

“Gida za su, sun dawo daga farauta.”

“Waye babansu a ciki?”

Na rasa ta cewa, sai yayarsa ta cece ni, ta nuna na gaba ta ce ai ga shi can. Ya gamsu. Muka tsallake su a hankali, ya juyo yana gargaɗin uwarsa, “Umma, kar ki taka su!” Daga nan sai ƙadangare mai jan kai da ke gyaɗa mana kai a kan dutse, sai malam-buɗe-littafi da aka bi har aka gaji, sai wani busasshen kwanso da ke kaɗawa in an girgiza, wanda ya zama dukiya, aka yi rigima a kansa har mota. Aljihuna kan koma gida cike da tsakuwa da 'ya'yan itatuwan da ban san sunansu ba, kuma an hana ni zubarwa.

Na san yanzu hawan duwatsu ya zama yayi a Abuja. Kowace Asabar da asuba za ka ga matasa da kambas da jakar goyo sun nufi tsaunukan Mpape ko wajen Ushafa kusa da madatsar ruwa ta Usuma. Abu ne mai kyau, ina yaba musu. Sai dai wannan ba wurin mai goyo ba ne, ba kuma wurin yaron da zai ce a ɗauke shi tun ba a yi nisa ba. Yaro a nan ya kamata ya fara, inda in ya gaji tabarma na kusa, in ya yi ɓarna a wando mota na kusa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a shawarar da ta fitar a 2019 ta ce yaro ɗan shekara 3 zuwa 4 na buƙatar aƙalla minti 180 na motsa jiki a yini, kallon allo kuma kada ya wuce sa'a 1. Mu faɗa wa juna gaskiya, a gidajenmu da yawa lissafin a juye yake. Yini guda a filin nan ba zai gyara mako ba, amma ranar dai ba wanda ke tambayar wayar Umma, kuma kafin isha'i kowa ya yi barci ba lallashi.

Mahaifiyata da farko ba ta ga dalilin abin ba. Cewa ta yi, mutum da gidansa ya kwashi abinci ya tafi daji ya ci, wannan ai aikin Turawa ne. Yanzu ita ke fara tambaya tun daren Juma'a ko an jiƙa aya. Ba ta tsallaka gada, gwiwa ba ta bari. Mukan shimfiɗa mata darduma a inuwa, ta miƙe ƙafa, carbi a hannu, jaririn maƙwabtan tabarma ma sai ya ƙare a cinyarta. In jikan ya dawo daga yawonsa yana haki, sai ta ce, “Maigida, ka dawo daga farautar? Ina cefanena?” Shi kuma ya zaro tsakuwa ya ba ta, ta ce wannan miji ba shi da amfani, za ta sake wani. A buɗe kula: dafa-duka da soyayyen kifi, ko alala da manja, ga dambun nama, ga kunun aya da zoɓo da aka daskarar tun dare suna narkewa daidai lokaci. Abincin da ake bin yaro da shi lungu-lungu a gida, a nan shi ke miƙo kwano a ƙara.

Kowane lokaci na shekara da irin kyansa, amma in za a bi tawa, ƙarshen damina ya fi, wajen Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Ruwa ya ɗauke ƙafa, ciyawa shar, sama garau, Dutsen Aso ya fito sarai har yara na cewa a je a taɓa shi. Da hunturu hazo kan lulluɓe dutsen, iska na busar da leɓe, sai a shafe yara da man kaɗanya a sa musu rigar sanyi. A watan Maris kuwa rana ba ta wasa, ko dai a yi sammako a tashi kafin ta take, ko a bari sai bayan la'asar. Da damina a riƙa kallon gabas, hadarin Abuja ba ya sallama. Ranar Sallah da Kirsimeti da sabuwar shekara wurin kan cika maƙil, masu hoto, masu sabon ɗinki, amare da angwaye, 'yan mata da lalle. Kallo ne mai daɗi, amma mai ƙananan yara in yana son sakewa ya zaɓi Asabar ɗin da ba biki.

Ruwan sha a ɗauka da yawa, fiye da yadda ake zato. A ɗauki kayan canji, don yaron da ya fita fes ba zai dawo fes ba, kuma haka ake so. Takalmi mai rufi ya fi silifas a tsallaken rafi. Bakin ruwa kuwa ba a barin yaro shi kaɗai ko na ƙiftawar ido, musamman da damina. In lokacin salla ya yi, buta da darduma sun wadatar, wanda kuma ke son jam'i Babban Masallacin Ƙasa ba nisa a mota.

Akwai wasu wuraren, ban hana ba. Gidan namun daji na yara da ke Asokoro a gindin Dutsen Aso yana da nasa daɗin, bakin tafkin Jabi ma haka. Amma wurin da za ka saki yaro ya yi gudu har ya gaji don kansa, kaka na zaune, jariri na barci, aljihunka bai yi kuka ba, ni dai a Abuja ban ga na biyunsa ba.

Roƙona ɗaya ne ga 'yan'uwana masu zuwa: a zo da ledar shara. Robar zoɓo da ledar ruwa da ɓawon ayaba, duk a tattara a fita da su, a kuma sa yaran su yi tsintar da hannunsu. Kai kuma maigida da ke cewa sai an samu lokaci, Asabar mai zuwa ka bar kwanciyar safe. Uwargida ta dafa tun dare, a saka tabarma a but, a ɗauko har 'ya'yan maƙwabta in da wuri a motar, ku isa Maitama kafin rana ta yi zafi.