Jinjina ga 'Yan Tashe

Tashe, wato wasan kwaikwayon da yara da samari ke yi gida-gida bayan shan ruwa idan azumi ya kai kwana goma, labari ne da ba shi da mawallafi guda, domin a Haɗejiya, kamar a Kano da Katsina, kowane ɗan wasa yakan ɗauki matsayinsa ya ƙara da nasa, 'yan amshi kuma su tallafa masa. Wanda ya fito a matsayin Jatau mai magani, boka mai tallar saiwoyi, yakan lissafo cututtuka da magungunansu yana auna dariyar masu gida, kuma wannan kaifin basira, da 'yan tsummokara kaɗai, ya cancanci yabo ƙwarai. Hatsi ko kuɗin da aka ba su kuwa, tare suke rabawa.